Bencin Baya

Sabon Gari, Keffi
9 ga Yuli, 1974

Zuwa ga yayana Manasseh,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Christy da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan sai godiya. Ruwa yana sauka yadda ake so, gyaɗar Baba ta rufe ƙasa, ko da yake bana ba shi ya yi noman ba. Maigidana Boaz yana gaishe ka. Yana nan kullum a ƙarƙashin motocin mutane, ni kuma an bar ni da wankin baƙin mai. Cikina ya shiga wata na bakwai, keken ɗinki ma sai na ja kujera baya kafin in taka shi.

Yaya, ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Baba ba shi da lafiya. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin robansa ba ya shiga, in ya taka daga ɗaki zuwa gindin mangwaro sai ya tsaya yana haki. Mun kai shi asibiti, likita ya ce zuciya ce, ya ba da magani, ya hana shi gishiri. Da Baba ya fita, likitan ya ja Boaz gefe ya ce in akwai ɗa a nesa a sanar da shi. To, ga shi na sanar da kai.

Shekara biyu da rabi ke nan ba ka taka Keffi ba. Tun Kirsimetin nan da ka fizge littafin waƙa daga hannun Malam Gamaliel mai bishara a gaban jama'a, dattawan ikilisiya suka yanke maka horon wata uku a bencin baya, kai kuwa ka ce malamin makaranta mai satifiket ba zai zauna can ba, ka tattara ka tafi aikin gwamnati. Kana aiko da shinkafa da bargo, mun gode. Amma Baba ba bargo yake leƙe ba duk lokacin da ya ji mota ta tsaya a bakin titi.

Akwai wani abu da ya hana ni faɗa maka, har ya ce in na faɗa ransa zai ɓaci da ni. To rabi zan faɗa, kai ka cika sauran. Shekaranjiya Lahadi Fasto Wilson ya zo, aka yi Jibin Ubangiji, aka zagaya da gurasa da ƙoƙo. Baba bai ci ba. Ba ya zama a kujerar dattawa yanzu. Bencin baya yake zama, na kusa da ƙofa, inda feshin ruwa yake shigowa. Ka san Fasto sai bayan wata uku yake zagayowa wurinmu, wato sai Lahadin farko ta Oktoba ke nan. Kai mai ilimi ne, ka zauna ka yi tunani.

Ka amsa mini da wuri, hankalina ba a kwance yake ba.

Ni ce ƙanwarka,
Lea


Jos
18 ga Yuli, 1974

Ƙanwata Lea,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta same ni a ofis ranar Talata. Christy da yara lafiya lau, suna gaishe ku. Ni ne dai gyambon cikin nan yake taɓa ni, amma ba wani abu ba ne, yawan aiki ne. Allah ya sauke ki lafiya.

Zancen ciwon Baba ya tayar mini da hankali. Na yi magana da wani likita abokina, ya ce in an kawo shi Jos zai duba shi da kansa. Ku shirya shi, zan nemi mota.

Amma abin da ya hana ni cin abinci shi ne layukan ƙarshen nan naki. Baba a bencin baya? Wato da suka rasa ni sai suka huce a kan tsoho? Mutumin da ya ɗauki jinka a kansa ranar da aka rufe majami'ar nan, tun wasunsu suna yawo ba wando? Na cika sauran kamar yadda kika ce, kuma na san hannun wanda ke ciki. Gamaliel bai taɓa yafe mini ba, ga shi ya rama a inda ya san zai yi mini zafi.

Ban tsaya wata-wata ba. Na buga wa majalisar dattawa takarda shafi uku da tafireta, na aika wa Fasto Wilson kwafe. Na ba su mako biyu su mai da Baba kujerarsa, su ba shi haƙuri a gaban jama'a, in ba haka ba zan kai maganar gaba. Na kuma gaya musu ko su wane ne, ban rage komai ba.

Game da ni kuwa, har gobe ban ga abin da na yi da zan zauna da mashaya da masu satar akuya a benci ɗaya ba. Ke ma kina wurin. Wata biyu muna koyon waƙar nan ta Turanci, murya huɗu. Baƙi sun zo daga Jos musamman. Na ɗaga hannu ke nan mawaƙa za su fara, sai tsohon nan ya ja tsohuwar waƙarsu daga inda yake zaune, jama'a suka bi shi ɗuu, aikin wata biyu ya tashi a banza. Na ce wanda bai san tsari ba ya koma gona, kuma gaskiya na faɗa. Faɗuwar da ya yi a kan benci, santsi ne, ɗan taɓa shi kawai na yi.

A nan Jos an san darajar mutum. Ni ne shugaban mawaƙa a ikilisiyarmu, mutum sittin suna kallon hannuna. Ki gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa, yana da ɗa.

Yayanki,
Manasseh


Jos
12 ga Agusta, 1974

Lea,

Ina gaisuwa. Ina fata jikin Baba da sauƙi, ke ma haka.

Yau kwana ashirin da biyar da na rubuto miki, shiru. Dattawan ma shiru, Fasto shiru. Kullum da safe sai na tsaya wurin masinja in tambaya, har ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni. Na je tasha ranar Asabar na tambayi direbobin Keffi, wani ya ce ya ga garejin Boaz a rufe kwana biyu, bai san dalili ba.

Me ke faruwa? In wani abu ne ya sami Baba, kada ki ɓoye mini don kina jin haushina. In haihuwa ce ta zo ba lokacinta ba, Boaz ya iya rubutu ai. Motar da na nema har mai ita ya gaji da jira.

Ba na iya aiki. Ranar Juma'a na sa hannu a fayil ɗin da ba nawa ba. Ko layi biyu ne ki ba Ɗan'azumi direba ya kawo mini ofis.

Manasseh


Sabon Gari, Keffi
27 ga Agusta, 1974

Yaya Manasseh,

Muna gaisuwa. Baba yana da rai, ni ma ban haihu ba tukuna. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune.

Wasiƙunka biyu suna nan a ƙarƙashin keken ɗinki. Ban amsa ba ne don abin da zan rubuta a lokacin bai dace da bakin mai bi ba. Har yanzu ma ban gama hucewa ba, amma kwanaki suna tafiya.

Yaya, duk karatun nan naka, layi uku ka karanta ka juya su ƙafa a sama. Ba wanda ya sa Baba a horo. Shi ya kai kansa. Tunda ka ɓata abin, bari in karya alkawarin da na yi masa in faɗa maka duka.

Lahadin farko bayan tafiyarka, sakatare ya karanta sunanka da horonka, kowa ya waiwaya, benci ba kowa. Sai Baba ya tashi daga kujerar dattawa, ya ɗauki sandarsa, ya bi tsakiyar majami'a har baya, ya zauna. Bayan sujada dattawa suka kewaye shi suna roƙo, suka ce kai ba ka yi laifi ba. Ya ce, "An yanke wa gidana wata uku a nan, ba a zauna ba. Ina riƙe wa yarona wurinsa har ya zo." Suka ce to Jibi fa? Ya ce ba zai miƙa hannu ga teburin Ubangiji ɗansa yana waje ba. Sau goma sha ɗaya aka yi Jibi tun daga nan, ni na ƙirga. Malam Gamaliel ne yake zagayawa da faranti. Kowane karo sai ya taka har baya ya tsaya a gaban Baba, Baba ya girgiza kai, ya juya.

Shi wannan Gamaliel da ka ce ya rama, tun da ƙafar Baba ta kumbura shi ne yake tasowa daga Jigwada da sassafe ranar Lahadi, ya ɗora Baba a kekensa, ya tura shi a ƙasa har majami'a. Tsoho yana tura tsoho, mutanen Sabon Gari har sun saba gani.

Takardarka kuwa ta iso. Ka manta Baba har yanzu dattijo ne, yana zama a majalisa? Yana zaune sakatare ya buɗe ta, yana karantawa yana juyawa da Hausa. Da ya kai inda ka kira su jahilai ya tsaya, Baba ya ce ya ci gaba. Aka karanta shafi ukun nan kaf. Malam Gamaliel, da kunnensa ya ƙara mutuwa, sai tambaya yake yi, "Me yaron ya ce? Yana lafiya?" Da aka gama, Baba ya sauka daga kujera ya durƙusa a kan ƙafafun nan nasa ya ce su yafe masa, shi ne bai iya renon ɗa ba. Mutum biyu ne suka ɗaga shi. Daga nan ya kwanta mako biyu, shi ya sa aka ga garejin Boaz a rufe.

Ni ma ina da nawa laifin. Da na yi shiru gaba ɗaya, ko in faɗa gaba ɗaya, da ba a kai nan ba. Na yi kuka har na gode Allah.

Zancen kawo shi Jos, ka sallami mai mota. Ya ce ba inda za shi, wai wa zai bar wa bencin.

Ƙanwarka,
Lea


Jos
5 ga Satumba, 1974

Ƙanwata Lea,

Na gode Allah da kuke da rai. Ki gaishe da Boaz, ki ce na gode da ɗawainiya. Mu muna nan, sai cikin nan nawa da ya tashi sosai, kunu kawai nake iya sha.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu. Na rufe ƙofar ofis na zauna, ban san lokacin da aka tashi daga aiki ba. Na yi zaton kare shi nake yi.

Ga abin da na tsara, ki taimake ni. Zan rubuta wa dattawa takardar ban haƙuri da hannuna, in janye duk abin da na faɗa. Zan rubuta wa Malam Gamaliel tasa daban. Na kuma yi magana da wani kafinta a nan, zai yi wa majami'ar sababbin bencina masu majingina, daga gaba har baya, a kawo su kafin Oktoba. Sai Fasto Wilson ya duba ya ɗage horon, tunda shekaru sun ja, Baba ya koma kujerarsa ya ci Jibi. Ina ganin wannan ya isa, ko?

Kada ki ce taurin kai ne. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Christy ba ta san ƙarshensa ba. Da na zo Jos aka nemi takardar shaida daga ikilisiyarmu ta gida, na ce ta ɓata a hanya. Suka ga na iya waƙa, ba su sake tambaya ba. Nan kowane wata ake Jibi, kuma ina ci. Ina ci, Lea, Baba yana can yana girgiza kai. Tun kafin in san wannan ma, duk ran da na ɗauki gurasar sai ta tsaya mini a wuya. Na ɗauka gyambon ciki ne.

In na zo na zauna a bencin nan, dole a rubuto Jos. Za a karɓe mawaƙa daga hannuna. Ogana a ikilisiyarmu yake, layi na biyu yake zama da iyalinsa, kuma sunana yana kan teburinsa don ƙarin girma. Baban Christy dattijo ne a nan. Yarana za su waiwaya su ga ubansu a inda ake ajiye masu laifi. Duk abin da na gina a garin nan a kan mutunci na gina shi. In ya rushe me ya rage mini?

Ki lallaba Baba ya karɓi wannan hanyar. Ke yake ji.

Yayanki,
Manasseh


Sabon Gari, Keffi
16 ga Satumba, 1974

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni na yi nauyi sosai, na rufe keken ɗinki. Uwar Boaz ta ce ƙarshen wata za ta zo ta tafi da ni Garaku in haihu a hannunta. Na roƙe ta ta bar ni saboda Baba, ta ce haihuwar fari ba a wasa da ita. Boaz da maƙwabciyarmu Huraira ne za su riƙa duba shi.

Kumburin ya hau har ciki. Yanzu a zaune yake barci, an jingina masa buhun dawa. Mun koma asibiti ranar Alhamis, na tambayi likita kai tsaye ko Baba zai ga Janairu, lokacin da Fasto zai sake zagayowa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce mu riƙa ba shi abin da ransa yake so. Ka gane. Shida ga Oktoba ce kawai muke da ita.

Na faɗa masa na karya alkawari. Ya ce ai ya san bakina tun ina goye. Sai na karanta masa wasiƙarka duka, har zancen Jos, ka yafe ni. Da na kai wurin bencina masu majingina ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in gaya maka wanda ake da shi bai karye ba. Sannan ya ce in ɗauko biro. Ga maganarsa, yadda ya faɗa haka na rubuta:

"Manasseh, ɗana. Ban zauna can don in kunyata ka ba. Ranar farko da fushi na zauna, ina so garin nan ya ga irin dattijon da nake. Ka ga ni ma abin naka ne a jikina, a wurina ka gada. Wata shida ina zaune ina ƙuna, ina lura da wanda ya waiwayo da wanda bai waiwayo ba. Daga baya na gaji. Sai na ga ashe a can ba wanda yake jiran komai daga wurina. Ba sai na gyara zama ba, ba sai na yi addu'a mai tsawo don a ji ba. Na zauna kusa da wanda ya sha giya da wadda ta yi faɗa a rijiya, muna rera waƙa ɗaya, Allah kuma bai tambaye mu kujera ba. Shekara arba'in ina gaba ban huta irin hutun da na yi a baya ba. Ubangijinmu da ya fi kowa ya durƙusa ya wanke ƙafar mutane, bai ragu da komai ba. Kai ka gaji, na ji a takardarka. Zo ka zauna ka huta. Ni kuma ina jin marmarin teburin nan kafin in tafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma kada ka zo don tausayina. In don ni ne, yi zamanka."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa ban kai shi haƙuri ba. Ko don tausayi ne, ko don kunya ne, ko don tsoron bakina ne, ka zo.

Lea


Jos
27 ga Satumba, 1974

Lea,

Ina gaisuwa, na aika wannan Garaku ta hannun Ɗan'azumi. Allah ya raba lafiya.

Na sami maganar Baba. Tana aljihuna.

Ranar shida ga wata ce ikilisiyarmu ta nan ta sa sujadar godiya ta bikin 'yancin kai. Manyan gari za su zo. Wata biyu muna shiri, murya huɗu. Da na ga ranar a allon sanarwa sai da na zauna.

Na cika fom ɗin neman hutu na yaga. Na sake cikawa, yana cikin durowa. Jiya na gaya wa Christy komai, ta yi kuka, ta ce ita dai ta gaji da zama da mutumin da ba ya dariya a gidansa. Ban ce zan zo ba, ban ce ba zan zo ba. Ki yi mini addu'a, ni na kasa.

Manasseh


Garaku
2 ga Oktoba, 1974

Yaya,

Na sauka jiya da hantsi, mace, lafiya lau mu duka. Boaz ya zo ɗazu, ya ce Baba tun Litinin kunu cokali uku yake sha, amma ya sa an wanke masa farar rigarsa an goge. Ban san ko zai kai Lahadi ba. Na gaji, ba zan iya ƙarawa ba.

Lea


Jos
9 ga Oktoba, 1974

Ƙanwata Lea,

Barka da sauka, barka da arziki. Allah ya raya mana ita, ya ba ki lafiyar shayarwa. Christy tana haɗa kayan jariri, za ta zo da kanta. Na bar Baba ranar Litinin da safe, jikin yana nan yadda kika sani, amma ya sha kunu rabin kofi a hannuna.

Na wuce ta Garaku sau biyu ban sauka ba, ki yafe ni. Da zuwa, tsoro na ji kada in sauka in kasa ƙarasawa. Da komowa, direba ya ƙi tsayawa. Na san Boaz ya ba ki labari, amma Boaz a tsakiyar majami'a ya zauna, bai ga abin da na gani ba.

Bari in fara da na ƙarshe. Jiya na je wurin fastonmu na nan na faɗa masa komai, har ƙaryar takardar shaida. Na miƙa mawaƙa ga mataimakina, an ce ma sun yi waƙarsu ranar Lahadi ba ni, kuma ta yi daɗi. Wata ukun a nan zan yi su, a bencin baya, daga Lahadi mai zuwa. Ogana zai gani, surukina zai gani. Zancen ƙarin girma ban san yadda zai kasance ba.

Na isa Keffi ranar Asabar da azahar. Ban shiga gida ba, na wuce Jigwada. Aka ce Malam Gamaliel yana gona. Na same shi a duƙe yana cirar gyaɗa, ni kuma da takalmin ofis cikin laka. Tun daga Akwanga nake tsara kalmomin da zan faɗa, masu kyau, a hankali, yadda daga ni sai shi. Na durƙusa na faɗe su. Ya kafa hannu a kunne ya ce, "Iye?" Na sake, ya ce in ɗaga murya. Ga mata a gonar kusa sun miƙe suna kallo, ga masu wucewa da itace sun tsaya. Lea, sai da na buɗe maƙogwaron nan da nake taƙama da shi na yi ihu, "Malam, na yi maka laifi, na ture ka, na zage ka, ka yafe mini!" Duk Jigwada ta ji. Ya dube ni ya ce, "Af, wannan? Ai tun a daren na gama da shi. Tashi, wandonka zai ɓaci." Ya cika mini aljihu da ɗanyar gyaɗa. Ya ce shi ma ranar bai ga na ɗaga hannu ba, shiru ya ji ya yi yawa, ya ɗauka an manta waƙa ne.

Da na shiga gida Baba ya kama hannuna ya riƙe. Ya rame ta sama, Lea, wuyan rigar nan har yana zamewa.

Da safe ni na tura keken Malam Gamaliel, Baba a kai. Muka shiga aka zaunar da shi a bencinsa, na zauna kusa da shi. Ashe bencin gajere ne, gwiwa sai ta kusa taɓa ƙirji. Da majami'a ta cika ya juyo ya ce, "Ka zo?" Na ce na zo, Baba. Ya ce, "To tashe ni, na gaji da wurin nan naka." Na sa hannu na ɗaga shi, ba shi da nauyi sai ƙafafun. Na bi tsakiya da shi har kujerar dattawa, suka matsa masa, na gyara masa riga.

Sai komowa bencin baya. Wannan ne ban yi tunaninsa ba. Da tafiya bayan mutane nake gani, da komowa kuwa fuskokinsu ne, layi bayan layi, ni kaɗai. Ga yaran da na koyar a aji, ga mawaƙan da na yi wa tsawa, ga dattawan da na kira jahilai a bayana. Na ji kamar in fita ta taga. Sakatare ya karanta sunana, na tsaya na faɗi abin da na yi da bakina, ban rage ba. Na zauna. Ina jira ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Wata tsohuwa da ke gabana ta miƙo mini littafin waƙarta don ta ga ba ni da shi. Malam Gamaliel ya ja waƙa, ya ɗauke ta sama fiye da kima kamar kullum, na bi shi a haka. Ban san rabon da in rera waƙa ba ina kallon bakin kowa ba. Wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjina ya sake, na yi ta kuka, ba wanda ya waiwayo.

Fasto Wilson ya yi addu'a a kan gurasa da ruwan soɓorodo. Malam Gamaliel ya ɗauki faranti ya fara daga kujerar dattawa. Daga inda nake ba na ganin fuskar Baba, sai ƙeyarsa da furfurar nan. Na ga hannunsa ya ɗago, ya ɗauka. Farantin ya bi layi-layi har bencin da ke gabana, ya juya ya koma, bai zo wurina ba, kuma daidai ne. Ni dai idona yana gaba. Har aka gama zagayawa muƙamuƙin Baba yana motsi a hankali, bai gama taunawa ba.

Ya ci, Lea.

Yayanki,
Manasseh